Digiri na biyu a fannin manufofin muhalli da shugabanci: tambayoyin da ɗaliban Zango ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa daga bakin matasan Nima, Mamobi, Madina Zango, Sukura, Aboabo da Asawase, waɗanda suka gama digiri na farko da hidimar ƙasa, suke tunanin komawa aji. An amsa su ne da yanayin Akra da Kumasi a ido.

Wai shin me ake karantawa a wannan fanni? Ba kimiyyar muhalli ba ce aka sauya wa suna?

Suna maƙwabtaka, amma kowanne da ƙofar gidansa. Mai kimiyyar muhalli zai ɗebi ruwan gota a kwalba, ya kai ɗakin gwaji, ya gaya maka abin da ke cikinsa. Mai wannan fanni tambayarsa ita ce: wa ke da alhakin gotar, wa ya ba shi, da wane kuɗi, kuma me ya sa har yau take cike?

Ɗauki ƙatuwar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Ruwanta yana gangarawa Odaw, ya faɗa tafkin Korle, ya shiga teku. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin asambulin (wato ƙaramar hukumar) Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana ƙarƙashin Ayawaso ta Arewa. Manyan magudanai aikin hukumar kula da magudanan ruwa ta ƙasa ne, na bakin titi na sashen hanyoyin birni, kwashe bola na asambuli da 'yan kwangilarsa, izinin gini a bakin ruwa na ofishin tsara birni, idan kuma ruwa ya ci mutane sai hukumar agajin gaggawa, NADMO, ta zo da katifu da shinkafa. A 2017 aka kafa ma'aikata ta musamman don tsafta da ruwa, a 2025 aka rushe ta aka raba ayyukanta. Gotar dai tana nan inda take. Da dare kuma ga wata baiwar Allah da ledar shara a hannu, mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwasar shara, bai zo ba kwana uku, ko ya zo kuɗinsa ya fi ƙarfinta. Hadari ya haɗu, ta san in ta jefa ledar a gota ruwa zai tafi da ita. Duk wannan, tun daga ofishin minista har zuwa ledar hannunta, shi ne abin da za ka karanta.

A aji za ka haɗu da nazarin manufofi, dokokin muhalli, tattalin arzikin muhalli, siyasar albarkatun ƙasa, sauyin yanayi, da dabarun bincike. Za a fara maka da tsohuwar muhawara: Garrett Hardin ya ce a 1968 duk dukiyar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa al'ummomi da dama sun riƙe dazuka da ruwa da makiyaya shekara da shekaru da ƙa'idojin da suka shimfiɗa wa kansu.

Digirina na farko ba na kimiyya ba ne. Za a ɗauke ni?

Za a ɗauke ka a yawancin shirye-shiryen. Masu labarin ƙasa, kimiyyar siyasa, zamantakewa, tattalin arziki, tsara birane, shari'a da aikin gona duk suna shiga. Abin da aka saba nema shi ne sakamakon 2:2 zuwa sama, kodayake inda masu nema suka yi yawa mai 2:1 ke gaba. Sai dai shirin da sunansa ya ce kimiyyar muhalli tsantsa yakan fi son wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji.

Wanda ya karanta Larabci ko addinin Musulunci, a nan gida ko a Sudan ko Saudiyya, kada ya cire rai. Fiƙihu yana da babin ruwa, da harimin rijiya, da hima, wato filin da ake keɓewa a hana taɓa shi. Ana iya gina bincike mai kyau a kan yadda limamai da makarantu ke tasiri a kan tsaftar unguwa. Amma kafin komai sai ya kai takardarsa hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta tantance matsayinta, ya kuma gyara Turancinsa na rubutu, don da shi za a yi komai. Mai HND galibi sai ya cike digiri tukuna.

A ina ake yin karatun a Akra da Kumasi?

A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai cibiyar nazarin muhalli da tsafta, IESS, da cibiyar sauyin yanayi da ci gaba mai ɗorewa, da sashen labarin ƙasa da raya albarkatu, da kuma ISSER mai koyar da nazarin raya ƙasa. A KNUST ta Kumasi, duba sashen tsare-tsare, da tsangayar albarkatun ƙasa masu sabuntuwa, da cibiyar RWESCK idan zuciyarka tana kan ruwa da tsafta. A can ne kuma ake yin digirin digirgir na WASCAL a kan sauyin yanayi da amfani da ƙasa. Akwai shirin SPRING na tsara raya yankuna, wanda ake yin shekara ta farko a Dortmund ta Jamus, ta biyu a Kumasi. Wajen biranen biyu akwai UENR a Sunyani, UESD a Somanya, da UDS a Tamale.

Kada sunan shiri ya ruɗe ka. Nemi jerin darussansa, sannan ka duba malaman sashen: me suka wallafa cikin shekaru biyar da suka wuce? Idan babu ko mutum ɗaya da ke rubutu a kan abin da kake so, to babu mai duba maka aiki, komai kyan sunan da ke jikin allo.

MA, MSc ko MPhil: wanne ya fi?

Ya danganta da inda ka dosa. MA da MSc galibi shekara ɗaya ne ko ɗaya da rabi, darussa ne da ɗan gajeren kundi. MPhil shekara biyu ce: ta farko darussa, ta biyu bincike zalla, kuma malami daga wata jami'a ne zai duba kundin. Mai son koyarwa a jami'a, ko aiki a cibiyar bincike, ko wucewa digirin digirgir, ya yi MPhil. Ma'aikacin asambuli ko na ƙungiya da ke son ƙarin matsayi da ƙwarewa, MSc ta ishe shi, kuma wasu sassan suna ba da damar cikewa zuwa MPhil daga baya. Digirin digirgir a Legon an tsara shi a kan shekara huɗu, da darussa da babbar jarrabawa kafin a sake ka ka shiga fili.

Shawara ɗaya: kada ka shiga MPhil don kawai ka ji an ce ta fi daraja. Shekarar bincike tana son mutumin da zai iya tashi da kansa ya yi aiki babu mai kaɗa masa ƙararrawa.

Waɗanne takardu zan haɗa?

Shaidar digiri, takardar makin darussa daga jami'arka, shaidar hidimar ƙasa, wasiƙun shaida daga mutum biyu ko uku, tarihin karatu da aiki, sannan ga mai MPhil, taƙaitaccen tsarin bincike. Ana sayen lambar shiga a banki ko ta waya, a cike fom a intanet. Inda ake tuntuɓe wuri uku ne. Takardar maki tana ɗaukar makonni kafin ta fito, don haka ita za ka fara nema. Masu rubuta maka shaida su kasance aƙalla ɗaya malamin da ya koyar da kai. Wasiƙar Alhaji mai gida ko ɗan majalisa ba ta da nauyi a nan, komai girmansa a gari. Na uku, suna: idan shaidar sakandare ta ce Mohammed, ta digiri ta ce Muhammed, katin Ghana ya ce Mahamadu, yi rantsuwar kotu da sanarwar gazet tun kafin a tambaye ka. Wannan ya tsayar da 'yan Zango da yawa a bakin ƙofa.

Waɗanne dokoki ya kamata in sani kafin in shiga aji?

Fara da kundin tsarin mulkin Ghana na 1992. Sashe na 257 ya ɗora duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, alhali kusan kashi 80 cikin 100 na filaye suna hannun sarakuna da dangogi. Sarki ke da ƙasa, gwamnati ke da zinaren da ke cikinta, manomi ke da kokon da ke kanta. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Sashe na 267 kuma ya raba kuɗin filayen sarauta: kashi 10 na ofishin da ke tarawa, abin da ya rage a ba kujerar sarauta kashi 25, majalisar gargajiya kashi 20, asambuli kashi 55.

Sai tarihin EPA, hukumar kare muhalli: an kafa majalisar kare muhalli a 1974, doka mai lamba 490 ta 1994 ta mayar da ita hukuma, doka mai lamba 1124 ta 2025 ta sabunta ta ta ƙara mata iko. Ka karanta dokar ma'adinai mai lamba 703 ta 2006 da gyaran 2019 da ya tsananta hukunci, dokar filaye mai lamba 1036 ta 2020, dokar ƙananan hukumomi mai lamba 936 ta 2016, da ta tsara amfani da filaye mai lamba 925 ita ma ta 2016. Ƙa'idar L.I. 2462 ta 2022, wadda ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandun daji, ita kaɗai ta isa darasi guda saboda ƙurar da ta tayar.

Za ka lura da wani abu: ba dokoki ƙasar nan ta rasa ba. Yawancin kundayen da suka yi armashi a kan ratar da ke tsakanin takarda da aiki aka rubuta su.

Ana ta cewa in koyi EIA. Mene ne shi?

Auna tasirin da babban aiki zai yi wa muhalli da mutane kafin a ba shi izini. Tsarin da ƙa'idar L.I. 1652 ta shimfiɗa a 1999, kafin zuwan dokar 2025, ya kasance haka: mai aikin ya yi rajista a EPA, hukuma ta tace ta ga ko ƙaramin rahoto ya isa ko sai cikakke, a fitar da iyakar abin da za a bincika, a rubuta babban rahoto, a yi zaman jin bahasin jama'a idan an yi ƙorafi mai yawa ko za a tashi mutane daga matsuguninsu, sannan a ba da izini da sharuɗɗa. Bayan an fara aiki akwai rahoton shekara-shekara da tsarin kula da muhalli da ake sabuntawa. Tunda dokar 2025 ta zo, riƙa neman sabbin ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta a shafin hukumar.

Rauninsa sananne ne: mai aikin ne ke biyan ƙwararren da zai auna shi, kuma zaman jin bahasi yakan zama taron kujeru da lemo da Turancin da rabin mahalarta ba sa ji. Duk da haka koye shi da kyau, don shi ne ya fi saurin kawo abinci.

Yaya zan zaɓi abin da zan yi bincike a kai?

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. “Matsalar shara a Ghana” kanun jarida ne. “Yadda masu aboboya da asambulin Asokore Mampong ke raba aikin kwasar bola a Aboabo, da abin da gida ɗaya ke biya a mako” bincike ne: yana da wuri, yana da mutane, ana iya gama shi cikin wata tara.

Batutuwa suna nan birjik a ƙofar gida. Ina masu gwangwan na Agbogbloshie suka koma bayan rushewar Yuli 2021, kuma ƙona waya ya ragu ne ko ya watsu cikin unguwanni? Me ya sauya a tsarin gargaɗin ambaliya tun bala'in 3 ga Yuni 2015, lokacin da ruwa da wutar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 a Circle? Shirin GARID na rage ambaliya a Akra, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 200 a 2019, ya sa Nima cikin unguwannin da za a gyara. Wa aka tambaya, wa aka tsallake? A Kumasi akwai cin filayen da ke kewaye da madatsun Owabi da Barekese, da juji na Oti. Akwai tulin gwanjon Kantamanto da ke ƙarewa a bakin teku, da sakin ruwan madatsar Akosombo na 2023 da ya mamaye Mepe.

Kafin ka ƙulla, gwada abu uku: za ka iya zuwa wurin sau da yawa da kuɗin aljihunka? Akwai bayanan da za a ba ka? Akwai malamin da ke son batun?

Ni ɗan unguwa ne, ina jin Hausa. Ai shiga fili ba zai ba ni wuya ba?

Da ɗan gari akan ci gari, gaskiya ne, kuma harshenka jari ne da yawancin abokan ajinka ba su da shi. Amma yana da nasa tarkon.

Na farko, izini. Ba a fara tambayar kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince, kuma ba kullum yake zama ba. Ware masa wata ɗaya zuwa biyu. Da takardar gabatarwa daga sashenku za ka je asambuli, sannan ɗan asambulin unguwa, Sarkin Zango ko shugaban ƙabilar da ke wurin, da liman. Tsallake ɗaya daga cikinsu, ka ji an ce ɗan leƙen asirin masu rusau ne ya shigo.

Na biyu, kalmomi. Ka ce wa dattijo “matsalar muhalli”, sai ya fara ba ka labarin kuɗin haya da ɗakin da ke yoyo, don a wurinsa muhalli wurin zama ne. Ka ce “sauyin yanayi”, ya ce ai kowace shekara yanayi yana sauyawa, daga hunturu zuwa bazara. Gara ka tambayi abin da ido ke gani: ruwa yana shiga ɗakinku? sau nawa bara? ya kai ina a jikin bango? Fassara tambayoyinka zuwa Hausa, ka ba wani da bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci, ku gwama. Sannan ka gwada su a kan mutum 15 zuwa 20 a wata unguwa mai kama da taka. Ka tuna kuma Zango ba Hausa kaɗai ba ce: za ka buƙaci mai jin Dagbanci, Zabarmanci, Kotokoli ko Tuwi.

Na uku, sa hannu. Mutane da yawa suna tsoron dangwala yatsa a takarda, musamman inda ake rigimar fili. Nemi kwamitin ya yarda da amincewar baki da shaida tun a takardar nemanka. Mata su ne suka san hanyar shara da ruwa a gida, kuma sun fi sakin baki da mace 'yar'uwarsu, don haka ɗauki mataimakiya. Kauce wa Juma'a da rana, da yammacin azumi. Kuma tun gaisuwar farko ka faɗa a fili: “Baba, karatu nake yi, ba aikin gwamnati na kawo ba.” In ba haka ba za a ƙara wa kowace matsala gishiri don a sami tallafi.

Tarko na ƙarshe naka ne: ka riga ka yanke hukunci tun kafin ka tambaya, don a nan ka girma. Mai duba kundi daga waje yana gane wannan daga shafi na goma.

Mutum nawa zan tambaya?

Ga tambayoyin gida-gida a babbar unguwa, lissafin da aka saba yana ba da kusan gida 385, a kan kuskuren kashi 5 cikin 100. Mataimaka uku, kowa na cike goma a yini, kwana 13 ke nan ba hutu. Sa tambayoyin a waya da KoboToolbox, kyauta ne kuma yana aiki ba intanet. Duba abin da aka shigar kowane dare. Ga hira mai zurfi, mutum 20 zuwa 30 sukan isa. Amma hirar awa ɗaya tana cin awa biyar wajen rubutawa, fiye da haka idan za a juya ta daga Hausa. Hira 25 ta haura awa 120. Ɗalibai kaɗan ne ke sa wannan a jadawalinsu.

Me ke sa shekara biyu ta koma huɗu?

Jinkirin amincewa da tsarin bincike, shi ne kan gaba. Sai malami mai ɗalibai da yawa: kada ka tura masa babi ka zauna jira, ku tsayar da ranar haɗuwa kowane wata, ka rubuta abin da aka yanke ka aika masa. Sai damina: mai binciken ambaliya a Akra da ya rasa Mayu zuwa Yuli ya jira wata shekara. Sai ofisoshi masu cewa ka dawo gobe. Rubuta buƙatarka a takarda, ka karɓi hatimin shigarta, kuma ka san dokar 'yancin samun bayanai mai lamba 989 ta 2019 ta ba jami'i kwana 14 ya amsa. Sai manhajar gano satar rubutu, wadda ke dawo da kundi baya. Bayan miƙawa ma akwai watannin jiran masu dubawa da gyare-gyare. Kowace shekara da ta ƙaru kuɗin rajista ne sabo.

Ina zan sami tallafi, kuma ya fi in tafi waje?

A gida akwai hukumar tallafin karatu ta gwamnati da asusun tallafa wa ilimi na GETFund, sai ayyukan bincike na malamai, waɗanda sukan ɗauki ɗalibi su biya masa kuɗin fili. Wannan na ƙarshe ba a cika tallata shi ba. Tambaya ake yi a sashe. A waje, Chevening ta Ingila tana son gogewar aiki ta awa 2,800, kusan shekara biyu, da alkawarin dawowa gida shekara biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. DAAD ta Jamus, a shirinta na ƙasashe masu tasowa, tana son shekara biyu na aiki da digirin da bai wuce shekara shida ba. Akwai Commonwealth da Erasmus Mundus. Fara shiri shekara guda kafin lokacin tafiya.

Waje yana ba da ɗakin karatu mai kyau da sanin mutane. Gida yana ba da kusanci da fili da ofisoshin da za su ɗauke ka aiki. Wanda bai sami cikakken tallafi ba, kada ya sayar da filin gado don digirin shekara ɗaya.

Zan iya yin bincike a kan galamse?

Za ka iya, amma ba kai kaɗai ba, kuma ba da kyamara a bakin rami ba. Shiga ta hannun ƙungiyar da ta daɗe a yankin, ɓoye sunayen waɗanda suka yi magana, kulle bayananka da kalmar sirri. Ana iya nazarin kogunan Pra, Offin da Birim ta ɓangaren lasisi, shari'o'i da kuɗin tace ruwa ba tare da an taka rami ba.

Bayan na gama, wane aiki?

EPA, hukumar gandun daji, ta ma'adinai, ta albarkatun ruwa, hukumar tsara raya ƙasa, da sassan tsare-tsare na asambuloli 261. Sai dai ɗaukar aiki a gwamnati yana jiran sahalewar ma'aikatar kuɗi, wadda takan daɗe. Akwai ƙungiyoyi irin A Rocha Ghana, Tropenbos Ghana da WACAM, da cibiyoyin bincike irin FORIG a Fumesua, STEPRI da IWMI a Akra. Kasuwar da ta fi motsi ita ce ta jami'an kare muhalli da al'umma a ayyukan da bankunan raya ƙasa ke biya, da kamfanonin ma'adinai da gine-gine.

Takardar digiri kaɗai ba ta buɗe waɗannan ƙofofi. A ganawar aiki za a tambaye ka ko ka san mizanai goma na kare muhalli da al'umma na Bankin Duniya da takwas na IFC, reshensa mai ba kamfanoni rance, ko ka iya zana taswira da QGIS, ko ka iya sarrafa alƙaluma da Stata ko R, ko ka taɓa rubuta taƙaitaccen bayani na shafi biyu da darakta zai karanta a mota. Yi amfani da hutun da ke tsakanin shekara ta farko da ta biyu ka nemi zama na wata uku a kamfanin da ke rubuta rahoton EIA, ko da kuɗin mota kawai za su ba ka, ka roƙa a sa sunanka cikin jerin waɗanda suka yi rahoton.